Babu Eshel

Duk wanda ya taɓa kai buta ko bokiti liƙi a kasuwar Madarunfa ya san rumfar Kabo, ko da bai riƙe sunan mai ita ba. Ita ce rumfar da ake jin faɗa yana tashi daga cikinta alhali mutum ɗaya ne a ciki. Kabo yana faɗa da dalma in ta ƙi narkewa, yana faɗa da gawayi in ya yi tartsatsi, kuma in ka miƙa masa bokiti mai yoyo sai ya juya shi sama da ƙasa ya tambaye ka ko da haƙori ake ɗiban ruwa a gidanku. Gajere ne kakkaura, ya ba hamsin baya. Furfura ta cinye masa gemu, ta hau kai ta tarar babu gashin da za ta kama, ta haƙura.

A wani ƙauye na ƙasar Safo aka haife shi, a gidan da ke kan addinin kaka da kakanni, inda ba a taɓa sabon gero sai an fitar wa iskokin gona nasu rabo. Ubansa Arziki manomi ne da ba ya son ganin hannu babu hauya. Shi kuwa Kabo tun yana tatata hannunsa ke kan karan dawa: ya fere, ya tsaga, ya soke da ƙaya, sai ga mota. Kowane yaro a ƙasar nan ya yi motar kara, kuma kowane yaro ya bari ranar da ya fara jin kunyar ƴan mata. Kabo ne kaɗai bai samu labarin an tashi daga wasan ba. Arziki ya karya motoci a gadon bayansa har ya gaji, ya ce wannan ɗa an yi masa rowar hankali a ka, an juye masa duka a yatsu.

Da ya zama saurayi, sa'o'insa suka gangara Nijeriya ci-rani, shi kuma ya nufi Maraɗi ya samu aikin lebura wurin masu jan wayar kuran, wato wutar lantarki. Aikinsa guda ne, ɗaukar tsani. Daga safe har yamma shef ɗinsu, wato shugaban aikin, yana ƙwala masa kira, "Kabo, eshel! Eshel, vit!" shi kuma ya saɓo tsani a kafaɗa ya sheƙo. Faransancin da ya baro Maraɗi da shi ke nan: eshel, da vit mai nufin maza-maza, da wata kalma ta uku da sai daga baya aka gaya masa zagi ce, ya yi ta baƙin cikin bai sani da wuri ba balle ya rama. Amma eshel kam ya san ta sanin da babu mushen lakwal, wato malamin makarantar boko, da zai gwada masa, tunda har yau kantarta tana nan a kafaɗarsa ta dama.

Ya dawo ya koyi liƙi, ya kafa rumfa a Madarunfa, ya auri Lami, mutuniyar garin Sarkin Yamma, wadda ta yi ajin yaƙi da jahilci ta iya karanta Hausar boko, abin da take tuna masa duk ranar da suka yi cacar baki. Ragowar gwangwanin tumatir da na madara da na kifi ba ya zubarwa. In ciniki ya lafa sai ya jawo su daga ƙarƙashin benci ya ƙera abubuwan duniya ƙanana: kamiyon albasa har da labulen direba, jirgin masuntan tafki, injin niƙa mai juyawa in ka murza. Ba ya sayarwa. Ba ya kuma nunawa, don ya gwada ya ga sakamako. Mutum zai ɗauka ya jujjuya, ya ce kai Kabo, hannunka da kyau, sannan ya fito da abin da ke cikinsa: "Amma da gemunka?" Ya ji wannan magana daga bakin ƴan kasuwa, ya ji daga surukai, ya ji har daga wani ɗan duwan, ma'aikacin kwastan, da ya so a ba shi kyauta ya kai wa ɗansa. Sai ya koma ɓoye su cikin akwatin ƙarfe kamar kayan sata.

Wanda ya fi kowa iya faɗin "da gemunka" shi ne Tanko, ɗan gwaggonsa, direban motar haya tsakanin Madarunfa da Maraɗi. Taubasai ne. Tun suna yara Tanko ke da izinin ya fizge masa hula, ya kira shi bawansa a gaban baƙi, ya ce kansa kamar ƙwaryar da aka manta a rana, kuma Kabo ba shi da ikon yin fushi, sai dai ya rama. Wanda ya yi fushi da taubashi shi ya faɗi, dangi su yi ta yi masa dariya har jikoki. Ga mutumin da fushi ne tuwonsa, wannan al'ada ɗaurin akuya ce a gaban dusa.

Shi dai Tankon ne, shekarar da ƙanen Lami ya aiko musu da babbar salula mai shafawa, ya karɓe ta ya latsa nan ya latsa can, ya miƙo ya ce, "Ungo, bawana. Na sa ka cikin ƴan'uwanka mahaukata." Gurup ne na Wasap mai suna Masu Maket. Maket kuwa shi ne ƙaramin abu da aka ƙera ya yi kama da babbansa sak. Tanko bai taɓa ƙera ko cokali ba, wani fasinja ne ya jefa shi ciki ya zauna yana kallo.

Ranar da Kabo ya fara leƙa gurup ɗin, dalma ta huce a kan wuta, Delu mai ƙosai ta gaji da jira ta ɗauki butarta ta tafi tana mita. Ya ga wani nas a Tasawa mai ƙera jiragen sama da kwali. Ya ga wani tela a Damagaram da ya gina ƙofar unguwarsu da tsinken ashana. Manya ne, masu iyali, suna tambayar juna wace gam ce ke kama roba, da yadda ake sa fenti ya yi kamar tsatsa, kuma babu wanda ya tambayi wani shekarunsa. Da ya koma gida ya ce, "Lami, ashe muna da yawa."

Ta ce, "Allah shi ƙara muku yawa. Butar Delu fa?"

Mai gurup ɗin shi ne Mushe Simon, tsohon malamin lissafi a Maraɗi, dattijo a majami'arsu, mai ƙera jiragen ƙasa a garin da jirgin ƙasa bai taɓa ratsawa ba. Ya kafa gurup ɗin ne bayan ya gudo daga wani da barka da Jumma'a da barka da Lahadi da tallar maganin basir suka nutsar, ya rantse nasa ba zai mutu irin wannan mutuwa ba. Duk wanda ya shigo, sai ya tura masa vokal, wato saƙon murya, na doka, da muryar nan tasa ta mai kiran sunayen ƴan aji.

"Ƴan'uwa, gurup ba gidan suna ba ne, gaisuwa ɗaya ta isa. Wa'azi, na masallaci ko na majami'a, a kai shi inda ake jiransa. Litinin ranar masu taya ce, Laraba ta masu fiffike da masu bin ruwa, Jumma'a ta gine-gine. Wanda ya kawo jirgi ranar mota, zan goge. Vokal ya zama gajere. Mai tambaya ya yi ta a ƙarƙashin hoton da yake magana a kai, kada ya jefo ta tsakiyar zancen wasu. Abin da na fi nanatawa kuma, kowane hoto a sa masa eshel. Aiki babu eshel ba maket ba ne, wasan yara ne."

Kabo ya saurara yana gyaɗa kai. Mutumin ya burge shi. Shi ma ya tsani masu gaisuwa har rana ta faɗi. Maganar eshel ce ta ɗan tsaya masa, amma ya ce kowace sana'a da al'adarta, masunta ma akwai abin da suke yi kafin su taɓa ruwa wanda ba ka tambayar dalili. Wataƙila da tsani suke gane mai hannu, don ba kowa ke iya jera matakai sirara su tafi daidai ba. Bai tambayi kowa ba. Wa zai tambaya, shi da ya yi ƙuruciyarsa ƙarƙashin abin?

Abin da shef ɗin masu waya bai taɓa gaya masa ba shi ne, a bakin Bafaranshe kalmar nan fuska biyu gare ta. Tsani eshel ne. Awon da ke tsakanin ƙaramin abu da babbansa, a ce na gaske ya ninka wannan sau kaza, shi ma eshel ne. Na biyun Mushe Simon yake nufi.

Kabo ya fito da abin da ya fi ji da shi, amalanken jaki irin na mutanen Safo, tayoyi na tsohon silifa, jakin na gwangwanin kifi da kunne ɗaya a kwance kamar ya ji an ambaci kaya. Ya ƙera ɗan tsani na waya mai kyau, ya jingina masa, ya jira Litinin, ya ɗauki hoto ya tura. Ya zauna da salula a cinya kamar mai jiran haihuwa. Ba a jima ba hoton ya ɓace, wani ɗan rubutu ya fito a madadinsa. Ya sheƙa gida.

Lami ta goge hannu ta karɓa. "An ce babu eshel."

"Babu mi?"

"Eshel. Haka aka rubuta. Ni dai karatu na iya, ban iya ƙari ba."

"Makaho ne? Ga shi nan jingine ga amalanken, har inuwarsa ta fito!"

Ya nufi tasha wurin Tanko. Tanko ya yi lakwal har aji shida kafin mota ta ɗauke masa hankali, ya san fuskokin kalmar duka biyu. Ya dubi hoton, ya ciji leɓe, ya juya baya kamar mai duba taya, kafaɗunsa suna rawa. Da ya juyo fuskarsa kamar ta mai ta'aziyya.

"Bawana, ai tsanin naka ne ya yi ƙanƙanta. Mutanen nan duk masu tabarau ne. Ƙara masa tsawo."

Litinin ta gaba tsanin ya fi amalanken tsawo ninki biyu, kuma an shafa masa jan fenti don ko mai hakiya ya gani. Aka goge. Babu eshel. Kabo ya zagi salula, ya zagi wanda ya ƙera salula, ya zagi ƙanen Lami da ya aiko ta, Lami ta ce a bar ƙanenta a inda yake.

Shi kuwa Tanko, da ya ga gonarsa ta yi kyau, sai ya ƙara mata taki. Ya kira Mushe Simon ya ce, "Mushe, mutumin nan ɗan'uwana ne, na san halinsa. Ya san abin da kake nufi sarai, ai ya yi aiki da masu Faransanci. Tsokanarka yake yi, yana so ya ga inda haƙurinka ya tsaya." Mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana fama da ƴan bencin baya ba ya buƙatar a maimaita masa. Da yamma Mushe Simon ya saki vokal: akwai wani a cikinmu da ya mai da doka abin dariya, ya san kansa, wannan shi ne gargaɗi na ƙarshe. Kabo ya saurara a rumfa, ya ce, "Madalla! A kore shi, ko wane ne. Irinsu ke ɓata wuri."

Da Litinin ta sake zagayowa, ya je ya ari tsanin Sama'ila magini, na gaske, wanda ake hawa soro da shi. Ya saɓa a tsohuwar kafaɗar, ya ratsa kasuwa ana kauce masa ana nuna shi da baki. Ya jingina shi ga bangon bayan rumfa, ya ajiye amalanken a gindinsa, ya yi ta ja da baya don tsanin ya shiga hoto duka, har amalanken ya koma kamar buzuzu. Ya tura, ya bi shi da vokal gajere yadda doka ta ce: "Mushe, ga eshel. In wannan ma ba ka gani ba, ka tahi likita a duba maka ido."

Wannan karon ba a rubuta masa komai da Hausa ba. Wurin da yake latsawa ya yi magana ne kawai ya ɓace. Ya shafa sama, ya shafa ƙasa, ya kashe ya kunna. Lami ta duba ta ce a hankali, "Maigida, an rufe maka ƙofa."

Kwanakin da suka biyo baya maƙwabtan rumfa suka damu, don ba su ji faɗa ba. Kabo yana liƙi shiru, yana karɓar bokiti ba ya tambayar haƙorin kowa. In salula ta yi ƙara ya zabura, sai ya ga kamfanin waya ne ke tallar waƙa. Laraba ta wuce bai ga jiragen nas ba. Wuri ɗaya tak ya taɓa samu a duniya inda mai gemu zai fito da abin wasansa a tsakar rana, kuma an kore shi daga wurin a kan abin da ya fi kowa sani. Ranar Asabar ya naɗe amalanken a tsumma, ya hau kabu-kabu, ya nufi Maraɗi.

Gidan ba shi da wuyar samu, kowa a unguwar majami'ar ya san mushe mai jirgin ƙasa. Ya tarar da shi a inuwar bedi, dogo siriri da tabarau, yana goga wani ɗan tarago. Matarsa Saloma ta shimfiɗa tabarma ta kawo ruwa a kwano. Kabo bai zauna ba, bai kuma dubi ruwan ba.

"Kai ne Mushe Simon?"

"Ni ne. Kai ne mai tsani."

"Ni ne Kabo ɗan Arziki. Tsani kuwa kai ka ce a kawo."

"Malam Kabo, na tsufa cikin aji. In na ga raini ina gane shi tun daga ƙofa."

"Raini? Na yi maka ƙarami ka ce babu. Na yi maka babba da jan fenti ka ce babu. Na ɗauko na Sama'ila magini na ratsa kasuwa da shi kamar mahaukaci, ka kore ni. Wane irin eshel kake so, na hawa a gaida Allah?"

Simon ya ajiye taragon. Ya cire tabarau ya dube shi da ido tsirara. "Tsaya. Kai mi ka ɗauka eshel yake nufi?"

"Ni za ka tambaya?" Kabo ya ja wuyan riga ya turo kafaɗa. "Dubi nan. Lokacin da kake cikin inuwa kana cin alli, ni ina ƙarƙashinsa a rana!"

Simon ya dubi kantar da ke kafaɗar. Sannan ya ɗaga taragon ya ce, da muryar da ba ta aji ba, "Ka ga wannan? Na gaske ya ninka shi sau hamsin. Tsawo sau hamsin, faɗi sau hamsin, taya ma haka. Shi ne eshel ɗin da nake nufi. Awo. Ka faɗi sau nawa amalanken gaske ya ninka naka, shi ke nan. Ba a jingina komai."

"Awo."

"Awo."

"Awon da ake yi da igiya da taƙi? Awon da uwata ta sani ba ta taɓa ganin ƙofar lakwal ba?" Muryar Kabo ta fara hawa, kajin gidan suka watse. "To Hausa ta ƙare ne, Mushe? Fari suka cinye ta? Kana ta goge ni kamar allo, babu eshel, babu eshel, lambata tana hannunka, bakinka ba ciwo yake ba, ba ka iya kira ka ce bawan Allah, mi ya haɗa jaki da tsani?"

"Kai ma lambata tana hannunka," in ji Simon, shi ma wuyansa ya miƙe. "Tambaya ba ta taɓa kashe kowa ba. Kuma ni an gaya mini ka sani, da gangan kake yi."

"Wa ya gaya maka?"

"Ɗan'uwanka. Tanko direba."

Kabo ya saki wuyan rigarsa. Sai a lokacin ya zauna a kan tabarmar.

Simon mutum ne da ba ya iya rufe rabin gaskiya, ko da rufewar ce alheri. Ya buɗe tasa salula ya nuna masa abin da ke gudana tun ranar da aka fitar da shi. Wani ya yanko hoton fuskar Kabo ya ɗora a ƙolin tsanin Sama'ila, an mai da shi sitika, duk wanda ya yi kuskure sai a jefa masa. Simon yana gogewa suna dawowa kamar kiyashi. Nas ɗin Tasawa ya ce shi tun Litinin ta farko ya gane mutumin bai sani ba, amma ya ce a bari a ga iya tsawon da tsanin zai kai. Sai muryar telan Damagaram, yana dariya har da tari: "Dattijo da gemunsa, wallahi!"

"An yi maka ba daidai ba," in ji Simon, "kuma da hannuna a ciki. Zan mai da kai yanzu. Ka yi ɗan gajeren vokal ka gaida mutane, mu auna amalanken nan tare, Litinin ka sa shi yadda ya kamata. Maganar ta mutu."

Simon ya latsa. Salular Kabo ta yi ƙara a aljihu. Ya fito da ita, ya ga wurin magana ya dawo inda yake. Ya daɗe yana kallonsa. Ya san abin da ake so ya ce, ba shi da wuya, yaro ma ya iya. Ya ɗora babban yatsa ya danne.

"An ce gaisuwa ɗaya, to ga ta: sannunku. Ni ne Kabo mai tsani. Kai nas na Tasawa, jirginka fiffiken hagu ya fi na dama tsawo, na gani tun ranar farko na yi shiru don na ɗauka mu ƴan'uwa ne. In haka kake saita allura, Allah shi kiyaye ɗuwawun mutanen Tasawa. Kai kuma tela mai tari, ƙofar taka ta karkace kamar wandon da ka ɗinka wa maƙiyinka, gemuna kuwa ba a shagonka na saye shi ba. Kun ga mutum ya saki hanya, cikinku duka babu mai cewa baba, ba nan ba ne. Kun zauna kuna jiran Litinin kamar masu jiran ɗan kama. Ƴan kasuwa sun yi mini dariya shekara da shekaru ban ji zafi ba, don ba su san yadda gwangwani ke yanka yatsa ba. Ku kun sani! Yatsunku da tabo irin nawa, ku ma a ɓoye kuka fara, ku ma an tambaye ku shekarunku."

"Malam Kabo," in ji Simon, "vokal ɗin ya yi tsawo."

"Ga shi nan, kun ji shi, mai jirgi babu dogo! Ya hana gaisuwa, ya hana wa'azi, ya raba wa jirgi da mota kwana kamar mai gidan haya, amma a cikin dokokinsa duka babu wadda ta ce in ɗan'uwanka ya ɓata ka kira shi. Aradu, gara rumfata, can in an yi mini dariya ina ganin haƙoran mai yi."

Bai tsaya nan ba. Ya bi su ɗaya bayan ɗaya, har wani bawan Allah na Gabi da bai taɓa cewa uffan ba ya samu rabonsa, don shirun nasa. Sunan mutum ɗaya ne kawai bai fito daga bakinsa ba. Ya ɗaga yatsa, vokal ya tafi.

Simon ya mai da tabarau. "In ka goge shi da hannunka kafin a saurara, zan yi kamar ban ji ba."

"Ko na iya gogewa ba ni gogewa."

"To doka ba ta san wanda aka zalunta ba. Zagi ne, kuma ya yi tsawo."

"Latsa, Mushe. Aikinka ne."

Simon ya latsa. Kabo ya duba ya ga wurin magana ya sake ɓacewa. Ya jawo kwanon ruwan nan ya shanye tas, ya yi wa Saloma godiya, ya ce ta yi haƙuri da kajinta. Ya ɗauki amalankensa da ko kwance shi ba a yi ba, ya fita.

Ranar kasuwa Tanko ya iso. Tun daga layin masu barkono ake jin dariyarsa, don ya saurari vokal ɗin har ya hardace, ya kuma kunna wa fasinja. Ya faɗo rumfar ya fizge hular Kabo. "Ina bawana mai hawa sama? Ashe ni ka ji tsoro, ka zagi duniya ka tsallake ubangidanka!"

Kabo ya miƙe tsaye. Ya kaɗe benci da tsumma, ya ɗan rusuna.

"Sannunku da zuwa, Malam Tanko. Ina gajiya? Ina iyali?"

"Kai, bar wannan, mai kan ƙwarya."

"Madalla. Yaya hanya? Bismilla, ku zauna. Akwai abin da za a liƙe muku?"

Tanko ya sake jefa wata, ya ce tsanin Sama'ila yana gaishe shi. Kabo ya ce yana amsawa, ya gode da saƙo. Tanko ya daina dariya. Ya tsaya da hular a hannu bai san inda zai kai ta ba, daga baya ya ajiye ta a kan benci a hankali ya fita.

Haka abin yake har yau. Kabo bai koma gurup ba. Simon ya aiko cewa ƙofa a buɗe take ga wanda ya ba da haƙuri, Kabo ya aika masa cewa shi ma tasa a buɗe take. Amalanken ya koma akwati, faɗa da dalma ya dawo, maƙwabta sun samu natsuwa. Dangi kuwa ba gurup ne ya dame su ba. Tsohuwar gwaggonsa, uwar Tanko, ta sa an kawo ta a amalanke tun daga ƙauye, ta zauna a rumfar ta ce, "Ɗan nan, ka zage shi mana, ko sau ɗaya. Yaron nan ya rame." Kabo ya ce, "Haba Gwaggo, mi ya yi mini da zan zagi mutum mai daraja?"

Yanzu Tanko kan zo da bokiti duk bayan kwana biyu, da huda sabuwa fil wadda ko makaho ya san ƙusa ce ta yi ta. Ya tsaya yana jira a tambaye shi ko da haƙori ake ɗiban ruwa a gidansu. Kabo ya karɓa, ya liƙe shi da kyau, ya zuba ruwa ya gwada, ya miƙa masa da hannu biyu ya ce Allah shi kiyaye hanya.